Kwana uku a gidan Gwaggo

Ni tela ce, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san yadda Disamba take. Ankon zumuntar mata, kayan yara na Kirsimeti, ga gwajin waƙa a majami'a kowace yamma. Sai in kai ƙarfe ɗaya na dare a kan keke. Ina ce wa kaina ai hidimar Ubangiji nake yi.

Ranar jajibirin Kirsimeti ƴata ƙarama ta kawo mini koko, na daka mata tsawa don ta tsaya mini a haske. Ta ajiye kofin a hankali ta fita. Da dare na durƙusa zan yi addu'a, bakina ya kasa furta komai. Zuciyata ta bushe ƙamas.

Bayan sabuwar shekara na rufe shago na tafi Tsibiri wurin Gwaggo. Da ta kalle ni sai ta ce, "Ƴata, kawo wayar nan." Ta jefa ta cikin ƙwarya ta rufe da faifai. Ta dama mini fura, ta shimfiɗa tabarma a rana saboda sanyin hunturu. Na yi barci har la'asar ta wuce. Da na farka ina jin kunya, ta ce, "Annabi Iliya ma da ya gaji ya kwanta ƙarƙashin itace, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya koma barci."

Washegari muka je gonarta. An daɗe da yanke gero, sai karmami da iska. Ta durƙusa gaban wani kututturen kalgo da ya fito da tsiro kusan goma, ta sa wuƙa ta rage su, ta bar uku masu ƙarfi. Wannan shi ne sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo na mishan SIM ya fara yaɗawa a ƙasar Maradi tun 1983. Da can manoma sare tsiron suke yi duk shekara, alhali saiwar tana nan da rai a ƙasa, jira kawai take a bar ta. Na daɗe tsaye ina kallon tsiron da ta yar, duk ɗanyu ne shar, babu na banza a ciki. Hawaye suka zubo mini.

A nan gindin gawo na buɗe Markus sura 6, inda Yesu ya janye almajiransa gefe su ɗan huta, don ko sararin cin abinci ba su samu ba. Na sha karanta wurin, ban taɓa ganin kaina a ciki ba sai ranar.

Da na dawo gida na sauka daga sakatariyar zumunta, na riƙe waƙa kaɗai. Wasu ba su ji daɗi ba. Yammacin Litinin kuma keke na rufe, waya tana cikin ƙwarya. Litinin da ta wuce ƴata ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma, ta ɗora kanta a cinyata, muka yi shiru tare har rana ta faɗi.