Fayil ɗin waƙa da takardar rabo

Watannin baya wani mutum ya yi sallama a ƙofar sutudiyona bayan la'asar, sanye da kaftani da hula, riƙe da hannun 'yarsa da ba za ta wuce shekara biyar ba. Sai da ya buɗe baki na gane shi. Muryar tana nan yadda na san ta, ita ce na ɗauka a wannan ɗakin shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin yana saurayi da sarƙa a wuya, yana zubo baiti kamar ruwan Agusta. Bayan mun gaisa ya ce, "Oga, don Allah ko fayilolin waƙoƙina na nan?" Na ce masa ya zauna tukuna a kawo ruwa.

Sana'ata ɗaukar sauti ce. Ɗaki biyu gare ni a Kaduna, ɗaya na kwamfuta da sifiku, ɗayan ɗan ƙarami da muka lulluɓe bangonsa da soso, makirfo a tsaye a tsakiya, gilashi tsakanina da mai waƙa. Yara uku ke aiki tare da ni: mai buga kiɗa a fiyano, mai miksin, wato daidaita murya da kiɗa, da ƙaramin da ke kula da janareto da littafin kuɗi. Na buɗe ne saboda gambarar zamani, wadda ake kira hip-hop. A lokacin Jos tana tashe, mawaƙa irin su M.I da Ice Prince sun nuna cewa yaron da ya tashi a wannan yanki zai iya cika filin wasa a Legas, kowane saurayi a unguwarmu kuwa yana da littafin baitoci a aljihu. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014 tana saka gambarar Hausa a talabijin, sai layi ya ƙaru a ƙofata. Akwai daren da na kwana ina ɗaukar murya har kiran assalatu.

A cikin waɗancan yaran, waɗanda har yau suke ci daga waƙa ba su cika yatsun hannuna biyu ba. Na daɗe ina tunanin dalili, domin wasu daga cikin waɗanda suka ɓace sun fi waɗanda suka rage hazaƙa nesa ba kusa ba.

Baƙon nan nawa yana cikin masu hazaƙar. Waƙoƙi takwas muka yi da shi, ɗaya ta fashe. Ana jin ta a Keke Napep, a shagon aski, a wajen masu tura waƙa a memori da ke bakin kasuwa. Wani ɗan kasuwar waƙa ya kira shi, ya ƙirga masa kuɗi a hannu, ya karɓi waƙar gaba ɗaya. Yaron ya sayi babur da sabuwar waya, ya yi wa mahaifiyarsa ɗinkin Sallah, kuɗin suka ƙare kafin babbar Sallah ta zagayo. Ya sa hannu a wata takarda da bai karanta ba, bai kuma riƙe kwafi ba. Yau waƙar tana kan YouTube a shafin wani, mutane na ta saurara, ko sisi ba ya shigowa aljihunsa. Ni na haɗa kiɗan, ni ma ba na samun komai. Abin da ya fi damuna shi ne ina zaune a wurin aka yi cinikin, a lokacin ni ma kallon nasara nake yi masa.

Daga baya ne na fahimci cewa kowace waƙa dukiya biyu ce a haɗe. Akwai rubutun da karin, wato abin da mawaƙi da mai kiɗa suka ƙirƙira, akwai kuma sautin da aka ɗauka, asalin fayil ɗin da 'yan sana'a ke kira masta. Kowanne da mai shi, kowanne da hanyar da kuɗinsa ke biyowa. Wanda ya biya kuɗin sutudiyo yakan ce mastan nasa ne, mawaƙi yakan ce ai muryata ce, mai kiɗa yakan yi shiru sai ranar da waƙa ta yi kasuwa sannan rigima ta tashi. Na ga abokan da suka tashi a layi ɗaya sun daina gaisawa a kan waƙar minti uku.

Ba a nan kaɗai ake wannan ba. A Amurka, inda gambarar ta samo asali a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, labarin ƙungiyar De La Soul ya fi kowanne taɓa ni. Mutum uku ne, kundinsu na farko ya fita a 1989, duniya ta san su. Amma mastocinsu suna hannun kamfanin Tommy Boy, ga kuma guntayen kiɗan wasu mutane da suka saƙa a cikin waƙoƙinsu, waɗanda izinin da aka nema a wancan zamani bai shafi intanet ba. Aka shekara da shekaru duniya ta koma sauraron waƙa a waya, kundayensu shida na farko ba sa kan manhajojin sauraro. Sai da wani kamfani, Reservoir, ya sayi Tommy Boy a 2021 sannan aka warware. Waƙoƙin suka hau ranar 3 ga Maris 2023. Ɗaya daga cikin su ukun, David Jolicoeur, ya rasu a watan Fabrairun shekarar, saura kwana ashirin ba ɗaya. Duk yaron da ya zo mini yana rawar jiki zai sa hannu a kwantiragi, wannan labarin nake fara ba shi.

Akwai kuma wanda kuɗin ya zo masa da yawa ya tafi. Mawaƙin gambara MC Hammer ya sayar da faifai sama da miliyan goma a Amurka da kundinsa na 1990, ya ɗebi ayarin ma'aikata da 'yan rakiya, ya gina katafaren gida, a 1996 ya je kotu ya ce ya karye, bashin da ke kansa ya haura dala miliyan 13. Irin wannan ina ganin ƙaraminsa a nan. Yaro ya yi wasan Sallah biyu, sai ka gan shi da mutum goma a bayansa, kowa shi zai ciyar, shi zai biya wa kuɗin mota. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wanda na fi nazarin rayuwarsa shi ne Dr. Dre, watakila don shi ma mutumin bayan gilashi ne. Ya bar ƙungiyar mawaƙa ta N.W.A, ya shiga kafa kamfanin waƙa na Death Row, a 1996 ya fita daga can ya kafa nasa kamfanin, Aftermath. Maimakon ya dage sai shi ne a gaban makirfo, ya ɗauko Eminem, daga baya 50 Cent, sannan Kendrick Lamar, kowane zamani da muryar da ya tsaya a bayanta. Kamfanin abin sauraro na kunne da suka kafa da Jimmy Iovine, wato Beats, Apple ta saye shi a 2014 a kan dala biliyan 3. Ba na gaya wa yarana cewa za su yi biliyan, ƙarya ce in na faɗa. Abin da nake nuna musu shi ne mutumin ya sauya kujera sau da yawa ba tare da ya bar ɗakin sauti ba. M.I ma haka ya yi a nan gida: daga mawaƙin kamfanin waƙa na Chocolate City ya zama shugaban kamfanin a 2015, a 2020 ya fita ya riƙe nasa. Ban kuma manta cewa Audu Maikori, cikin waɗanda suka kafa kamfanin, lauya ne. Mutanen da suka san takarda ne suka gina gidan da ya daɗe.

Saboda haka yanzu babu waƙar da ke fita daga sutudiyona sai an cike takardar rabo. Shafi ɗaya ce: sunan waƙa, wa ya rubuta, wa ya buga kiɗa, wa ya biya kuɗin ɗauka, kason kowa, sa hannu da kwanan wata, kowa ya tafi da kwafinsa. Da farko yaran suna jin nauyi. Wani ya ce mini, "Haba Oga, ni da ɗan'uwana sai mun yi rubutu?" Na ce masa, "Ƙanena, ai don ku ci gaba da zama 'yan'uwan ne." Ko a addini an ce in za a yi mu'amalar bashi a rubuta. Wasu sun yi fushi sun koma wani sutudiyon, na kuwa bar su suka tafi.

Abu na biyu da na ɗauka da muhimmanci shi ne ajiya. Kowane aiki ina riƙe shi a ma'ajiyar kwamfuta biyu, wadda muke kira hadis, ɗaya a shago ɗaya a gida, murya daban, kiɗa daban, kowane layi a warensa. Na fara wannan ne bayan wutar lantarki ta dawo da ƙarfi wata rana ta ƙona mini kwamfuta da aikin kusan shekara guda a ciki. Na biya mutane kuɗinsu, amma akwai muryar wani yaro da ya riga mu gidan gaskiya a cikin abin da ya salwanta, ita kam ba ta da madadi.

Amfanin ajiyar ya fito fili da kasuwa ta juya. Zamanin faifan CD ya wuce, na memori ma yana ja da baya, yanzu Audiomack ne da Boomplay da YouTube da TikTok, Spotify kuma ta shigo Najeriya a 2021. Kuɗin sauraro ɗaya bai taka kara ya karya ba, wanda aka saurara daga nan gida kuma bai kai wanda aka saurara daga Turai ko Amurka daraja ba. Sai an jira watanni kafin dillalin da ya ɗora maka waƙar ya turo abin da ya taru. Amma da dala ake lissafin, tun kuwa da aka saki naira a watan Yunin 2023, 'yan dalolin da a da ake rainawa sun zama kuɗin cefane. Mai waƙa arba'in da ke hannunsa, kowacce tana ɗigo kaɗan-kaɗan daga Kano da Yamai da Kumasi da Jidda, ya fi kwanciyar hankali a kan mai waƙa ɗaya da ta yi tashe ya sayar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ni kaina da gambara kaɗai na riƙe da tuni na rufe. Bayan cire tallafin mai a 2023, janareto ya kusa cinye ribar, sai da na ci bashi na sa sola. Yau abin da ke biyan haya da albashi shi ne tallar rediyo, waƙar biki da amare ke yin oda da sunayen dangi a ciki, gyaran sautin fim, karatun littafi, da masu shirin tattaunawa da ke hayar ɗakin da awa. Lokacin zaɓe waƙar siyasa takan kawo kuɗi a dunƙule. Ina ɗauka idan babu zagi a ciki, kuɗina kuma a hannu kafin a kunna makirfo, don na ga mawaƙan da aka yi wa alƙawari har aka rantsar da gwani ba su ga komai ba, ga rabin masoyansu sun juya musu baya. Ranar Asabar da dare kuwa na ware wa 'yan gambara, a farashin da ɗalibi zai iya biya.

Abin da ya fi wuya a wannan sana'a a wurinmu shi ne girma. Mawaƙin gargajiya yana tsufa da kalangunsa, darajarsa na ƙaruwa. Mamman Shata ya yi waƙa har ƙarshen rayuwarsa a 1999, ba wanda ya ce ya wuce shekarun yi. Ɗan gambara kuwa da ya kai talatin ake fara tambayarsa yaushe zai nemi sana'a. Ya je neman aure, waliyyi ya tambayi aikinsa, ya rasa yadda zai faɗa. Da yawa a nan suke ajiyewa. Waɗanda suka rage wasu sun koma gabatar da shiri a rediyo, wasu sun zama furodusoshi, wasu suna MC a biki, wasu na rubuta wa 'yan fim. Kaɗan ne suka yi abin da na fi so in gani, wato su bar baitinsu ya girma tare da su. A Amurka, Nas ya fitar da kundinsa na farko a 1994, bai karɓi babbar lambar yabon waƙa ta Grammy ba sai a 2021, yana da shekara 47. Killer Mike ya ɗauki uku a dare ɗaya a 2024 yana da 48. Ba su koma suna kwaikwayon 'yan shekara ashirin ba. Masu sauraron da suka taso da gambarar Hausa su ma yanzu magidanta ne, suna fama da kuɗin makaranta da haya da jinyar iyaye, kuma har yau ban ji wanda ya zauna ya yi musu kundi guda a kan wannan rayuwar ba.

Wannan na faɗa wa baƙona bayan ya sha ruwa. Na ɗauko tsohon hadis daga kabad, muka jira ya buɗe. Waƙoƙin takwas suna nan, kowacce da layukanta. Na gaya masa gaskiya cewa wadda ya sayar ta tafi, sai dai in lauya ya ga takardar ya ce akwai ƙofa. Sauran bakwai ɗin nasa ne da nawa, za mu sake miksin, mu rubuta rabo, mu ɗora su da sunansa. Ya yi shiru yana jin muryarsa ta ɗan shekara ashirin da biyu, 'yar tana tambaya, "Abba, wane ne wannan?"

Yanzu ɗinki yake yi, yana da shago da keke huɗu. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce akwai wasu baitoci da ya rubuta a kan ranar da aka kwantar da mahaifiyarsa a asibiti ba shi da kuɗin magani, bai taɓa rera wa kowa ba. Na duba littafi, na ce masa Asabar mai zuwa ƙarfe tara na dare babu kowa. Ya ce a rubuta sunansa.