Makonni uku ina auna ƙofar da ba ita ba ce

Har yau abin yana ci mini rai. Aikin kammala karatuna a kan Ƙofar Kabuga ta ganuwar Kano ne, na zana ta, na rubuta tarihinta. Na sayi awo da takardun zane, makonni uku kullum da hantsi ina bakin titi cikin ƙura da hon na 'yan adaidaita, ina auna tsawo da faɗi. Ban tambayi kowa ba, a ganina ƙofa ga ta nan tsaye, me zan tambaya?

Wani dattijo da ke zama kusa da wurin ne ya kira ni. Ya ce, "Yaro, me kake aunawa?" Na ce tsohuwar ƙofa, Baba. Ya girgiza kai ya ce wannan ai siminti ne, jikokinsa ma sun ga gininsa. Jikina ya yi sanyi. Motoci na wucewa ta cikinta gefe da gefe, amma ban taɓa tsayawa na ce a raina, wace ƙofar yaƙi ce za ta yi wannan faɗin ba.

Shi ya tura ni Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano. Can na tarar da ƙyauren ƙofar na asali, mai nauyi, an lulluɓe shi da ƙarfe. Ta wannan ƙofa sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka kutsa Kano a Fabrairun 1903, lokacin Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato. Na daɗe tsaye a gaban ƙyauren. Da na fara zuwa nan, da ban yi asarar makonni uku da kuɗin takardu ba.

Daga nan na sake aiki daga tushe. Ƙofofin zamanin da ƙuntatattu ne, da tubali da jar ƙasa ake gina su, a rufa da azara ta giginya wadda gara ba ta iya ci, a yi yaɓe da makuba don ruwan damina. Akan shigar da ƙofar cikin lungun ganuwa yadda mai kawo hari zai sha kibau ta dama da hagu kafin ya taɓa ƙyaure. Ga gwalalo, wato ramin da ya kewaye ganuwa, a waje, ga Sarkin Ƙofa da ke rufewa in rana ta faɗi. Ganuwar kuwa Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15.

Duk wanda zai yi irin wannan aikin, ya gaida dattijan unguwa kafin ya zaro awo, ya nemi gidan Sarkin Ƙofa, ya kuma taɓa bangon da hannunsa. Ƙasa daban, siminti daban, ni kuwa makonni uku ina jingina da shi ban lura ba. Zanen farkon yana nan cikin akwatina, na kasa yaga shi.