Talata a Ƙofar Mata

Hazo ya sauka sosai yau, ko Dala ba a hangowa daga saman benenmu. Ummi ta kwana tana tari, sai da na dafa mata citta da kanumfari kafin na fita. Yaya Nura ya ce zai sauke ni, har bakwai ta gota bai tashi ba, na tari adaidaita.

Tun ranar Asabar aikin da Malam Sani ya ba mu yake cin raina. Hoto shida, labari ɗaya, ba rubutu a ƙasa ko kalma guda. Ya ce mu jera su a kan tabarma mu kira wanda bai san komai a kan aikin ba. In ya iya faɗin abin da ya faru daga na farko har na ƙarshe, an yi aiki. In kuwa ya ce "kai, sun yi kyau" ya yi shiru, to a koma. Zainab ta ɗauki masu gurasa na Jakara, Sadiƙ ya tafi majema. Ni na ce marina.

Na isa da sanyin safiya. Hasken hunturu yana taimakon mai kyamara, babu inuwa mai kaifi, fuskar mutum tana fitowa daidai. Na tsaya daga bakin ƙofa, inda aka rubuta shekarar kafa marinar, 1498, na ɗauki filin gaba ɗaya: rijiyoyi a jere, kaɗan an rufe su da murfin saƙa, da yawa sun bushe, wasu har leda da ƙasa sun cike su. Wannan shi ne hoton da Malam yake cewa na buɗe ƙofa, wanda zai gaya wa mai kallo inda aka kawo shi. Daga nan sai tafiya da ƙafa, don gilashin da ke kan kyamarar nan milimita 50 ne, ba ya jawo nesa. In kina son abu kusa, sai ki je kusa, in kin je kusa kuma dole ki yi sallama.

Baba Ɗanlami na zaune a bakin rijiyarsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Yauwa 'yata, sannu da zuwa. Ke ma hannun kika zo ɗauka?"

Kafin na amsa har ya miƙo su. Faratan sun rine, shuni ya zauna a duk wata tsaga ta fatar. Ya ce haka baƙi suke so. Baba ɗaga hannu, Baba kalli nan, Baba tsoma ka ɗago. Ya nuna mini wani ƙyalle a gefensa da ya riga ya rinu tuntuni, shi yake tsoma musu ya ɗago su ɗauka, su ba shi na goro su wuce. Ba da ƙorafi ya faɗa ba, labari kawai yake ba ni.

Na ce, "Baba, ni aikin nake son gani tun daga farkonsa."

Ya dube ni ya yi dariya. "Farkonsa ai ba a nan yake ba. Amma zauna ki ga na nan tukuna."

Na zauna. Ya ce ruwa ne da toka da ganyen baba da kanwa, a haɗa a bar shi makonni yana ruɓa, ana motsawa da muciya har ya nuna. Ya ɗaga murfi, wari ya bugo ni, kumfa a saman ruwan tana ɗaukar ido ja-ja. Da kumfar da warin yake gane rijiya ta isa a yi aiki da ita. Ya ɗauko farin yadi ya nutsa, yana juya shi a ƙarƙashin ruwa a hankali, ya ɗago. Kore ya fito. Kore sosai, mai ratsin rawaya. Yana riƙe da shi a iska yana warwarewa, a gaban idona ya fara juyewa daga gefe-gefe har ya koma shuɗi. Iska ce take ƙarasa rinin, shi ya sa ake tsomawa a ɗago, a tsoma a ɗago, iya yawan tsomawa iya duhun launi.

A nan na gane abin da Malam yake ta nanatawa. Hoto ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba. In na ɗauki koren kaɗai, za a ce koren rini ne. In na ɗauki shuɗin kaɗai, shi ne hoton da kowa ya riga ya gani. Sai an ajiye biyun gefe da gefe, hannu ɗaya, yadi ɗaya, wuri ɗaya, sannan mai kallo zai ji cewa lokaci ya wuce a tsakani kuma wani abu ya faru a cikinsa. Ban motsa daga inda nake ba, na kafe gwiwa a ƙasa na ɗauka a jere. Raina ya yi fari ƙal.

Mabuga kuma duhu. Na ɗaga ISO, wato na ƙara wa kyamarar ƙarfin kama haske, na rage saurin ɗauka da gangan don gudumomin katakon su fito da ɗan dishi-dishi a sama, yadin da ke kan gungume kuma ya fito tsaf yana sheƙi. Ina so wanda ya kalla ya ji ƙarar bugun a kunnensa. Ina jin ya samu.

Da na dawo na ce, "Baba, ina farkon?" Ya kira jikansa ya ce ya kai ni wajen Inna.

Lungu biyu ne daga marinar. Na yi sallama a zaure, aka ce in shigo. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, farin yadi a cinyarta, allura da zare a hannu. Tana tsinko yadin da ɗan yatsa, ta naɗe shi da zare tam, ta ƙulle, ta matsa gaba kaɗan ta sake. Ɗaruruwan ƙulli, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, a jere cikin da'ira, ba alli ba ma'auni. Duk inda zaren ya kama, rini ba zai shiga ba. Wato duk farin adon nan da ake gani a jikin shuɗin zane, wanda saboda shi ake saye, a cinyar nan aka yi shi. Jikarta ce take zura mata zare a allura, don idon ya fara gajiya, amma yatsun ba sa laluben hanya.

Muka gaisa, ta tambayi gidanmu, ashe ta san kakata ta wajen uba. Aka kawo mini ruwa. Sai da hira ta yi daɗi sannan na ce, "Inna, ina neman izini in ɗauke ki kina aikin nan."

Ba ta ɗago kai ba. "'Yar nan, ajiye abin nan."

Na yi mata bayani. Na ce karatu ne, malaminmu ne zai gani da 'yan ajinmu, wataƙila a liƙa a bango in an yi baje koli.

"Sai kuma duniya," in ji ta. "Ke kin san inda za ki kai shi. Kin san inda zai kai kansa?"

Ta ba ni labarin wata maƙwabciyarsu mai tuyar ƙosai da wani ya ɗauka a waya ba ta sani ba, aka ɗora masa waƙa aka yaɗa, yaran unguwa suka riƙa tsokanar 'ya'yanta a makarantar allo. Har yau matar ba ta fita tuya sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Na ce to ba fuska, hannu kawai.

"Unguwar nan wa bai san hannuna ba? An san zoben nan, an san tabarmar nan."

Na ce ta baya fa? Ta yi murmushi ta ci gaba da ƙulli. Na rufe gilashin, na mayar da kyamarar jaka, na zuge. Sai a lokacin ta gyara zama ta matsa mini wuri a tabarmar, ta miƙo mini gefen yadin ta ce in gwada. Na zauna har aka kira azahar. Ta gaya mini sunan kowane ado da wanda ya koya mata, ta ce babban zane yana cin kwanaki, kuma abin da ake biyanta a kansa ba ya kusa da abin da ake sayar da shi a bakin marina. Ta ce tun da atamfar waje ta cika Kantin Kwari aikin ya ja baya, 'yan matan gidan ma ba su cika son koyo ba. Duk wannan yana cikin littafina. Babu ko ɗaya a cikin kyamara.

Tun a adaidaita nake juya maganar. Tana da gaskiya, ba ni da abin da zan ce mata. Ba zan iya yi mata alkawarin inda hoto zai tsaya ba, ko Malam ba zai iya ba. In an liƙa a bango, wani zai ɗaga waya ya ɗauka, shi ke nan ya fita daga hannuna. Kuma a'a ɗinta ba ta buƙatar hujja ma, gidanta ne, jikinta ne.

Amma abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, in na jera hotunana shida yadda suke, ƙarya zan yi ba tare da na ƙirƙiri komai ba. Fili, rijiya, kore, shuɗi, mabuga, zane a shanye. Kowanne gaskiya ne, ban sa kowa ya yi abin da ba ya yi ba. Wanda ya kalla kuma zai tashi da cewa maza ne suka yi zanen nan daga farko har ƙarshe. Hotunan Ƙofar Mata da na taɓa gani kusan duk haka suke, tsoho da rijiya da shuɗin hannu. Mai kyamara yana ɗaukar abin da ke fili, matan kuma suna cikin gida, sai a wayi gari an shafe rabin aikin ba wanda ya yi niyya. Ni da nake mace, aka buɗe mini zaure na shiga har tsakar gida na gani da idona, in na fito na maimaita abin da masu tsayawa a waje suke yi, mene ne amfanin shigar tawa?

Na tuna hotunan kitso na mai ɗaukar hoto Ojeikere da Malam ya nuna mana, wanda ya fara a 1968 ya tara kusan dubu. Da yawansu ta ƙeya ya ɗauka, ba fuska, amma aikin hannun makitsiya ya fito sarai. Shi ya sa na yi wa Inna tayin ta baya. Sai dai waɗancan matan sun yarda sun zauna masa, kuma ko a can ma makitsiyar ba ta cikin hoton, kitsonta ne a ciki. Fati Abubakar kuma, da ta fara ɗaukar rayuwar Maiduguri a 2015 tana sawa a Instagram, takan haɗa hoton da bayani a ƙasa, har da abin da mutanen suka faɗa mata. Ba ta bar hoton ya ɗauki kayan shi kaɗai ba. A nan nake ganin dokar Malam ta yi tsauri. Na san dalilinsa, yana so mu daina jingina da rubutu mu koyi gani. Amma akwai abin da ido ba zai kai gare shi ba saboda mai abin ta ce kada a kalla, kuma wannan ma yana cikin labarin.

Abu ɗaya ta bari. Da zan tafi, ta naɗe wanda ta gama ta sa a faranti za a kai marina, fari fat, duk ya tattare ya yi ƙululu-ƙululu. Yaron ya ajiye shi a zaure yana neman takalminsa. Na leƙa na ce, "Inna, wannan fa?" Ta ce, "Wannan kam ɗauka, ai don a gan shi aka yi shi." Hasken ƙofa yana shigowa daga gefe, kowane ƙulli da 'yar inuwarsa, har bakin zaren da ta datse da haƙori ana gani. Baba ya ce ranar Alhamis zai shiga rijiya, in ya bushe a warware. In Allah ya kai mu, shi ne zai zama na ɗaya, warwararren kuma na shida.

Da daddare na gwada su a kwamfuta. Hajiya ta sa tabarau, tana ganin farantin ta ce, "Wannan ɗaurin tsohuwar hannu ne, matar ta iya." Ban gaya mata komai ba. Yaya Nura ya leƙo ta bayanta ya ce, "Tsohon ne ya ɗaɗɗaure shi haka? Yana da haƙuri." To ga shi nan. Wanda ya sani ya gani, wanda bai sani ba hoton bai koya masa ba, kuma irin su Yaya Nura ne suka fi yawa cikin masu kallo.

Zainab ta kira, gurasarta ta yi kyau amma hayaƙi ya ɓata mata rabi. Ta ce in bar gurbi ɗaya babu hoto a tabarmar, kowa zai tambaya. Ban so ba, zai zama ni ake kallo da dabarata, Inna kuma har yanzu ba a san da ita ba.

Tarin Ummi ya yi sauƙi. An kawo wuta tara da rabi, batir biyu suna caji.

Na tura wa Malam saƙo ina roƙon layi ɗaya tak a ƙarƙashin hoton farko, cewa mace ce ta ɗaure shi a cikin gida kuma ba ta so a ɗauke ta ba. Bai amsa ba tukuna. Ko ya yarda, sai na karanta wa Inna layin ranar Alhamis na ji ko ita ta yarda a rubuta haka.