Taru ya ƙaru, kifi bai ƙaru ba

A ajin tattalin arzikin noma an koya mana cewa kifin da ke cikin gulbi ba shi da mai shi sai ya shiga taru. Shi ya sa masunci ba ya barin ƙaramar tarwaɗa ta girma, don in ya sake ta yau, wani ne zai ci ribarta gobe. Masanin tattalin arziki Scott Gordon ya bayyana wannan tun 1954, masanin muhalli Garrett Hardin ya ƙara yaɗa shi a 1968. A nan gida kuwa maganin da ake yawan kawowa ɗaya ne: a kafa ƙungiyar gama kai, a yi mata rajista, a nemo mata rance.

Da bincike ya kai ni bakin Gulbin Rima, tsakanin Kware da Wurno da Goronyo, sai na ga inda maganin ya tsaya. Ƙungiya na da shugaba da ma'aji da littafin zubi. Rance ya zo, an sayi kalli da ƙugiya, wasu har da sabon jirgi. To amma ruwan dai na jiya ne. Kowa ya ƙara kayan su, rabon kowa ya ragu, ga bashi na jira. Mai bashi kuwa ba ya zaɓen kifi. Na ga kwandon karfasa a bakin ruwa, da ƙyar a sami wadda ta kai tafin hannun yaro, an kama su da raga mai idanu kamar na gidan sauro. Na ce wa wani dattijo, "Baba, me ya hana ƙungiya ta hana wannan?" Ya ce, "Yaro, mu hana wa? Jirgi namu na, ruwa ba namu na ba."

Abin da ƙungiyar ta rasa ke nan: ikon cewa nan iyakarmu, wane ya shiga, wane ya dakata, ranar kaza za a buɗe. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Aikin Sarkin Ruwa ke nan tun kaka da kakanni. Kogin Matan Fada a Argungu yakan wuni ya kwana a rufe har ranar bikin su, shi ya sa ake fito da giwan ruwa mai nauyin mutum. Elinor Ostrom ta samu kyautar Nobel a 2009 kan nuna cewa jama'a na iya tsare abin da suka mallaka tare, in akwai iyaka sananniya da hukunci ga mai karya doka. Japan ma, a dokarta ta 1949, ƙungiyoyin masunta ta damƙa wa haƙƙin su a gaɓar teku.

Tsarin New Zealand na 1986, inda ake yanka wa kowa kason kifi har ya iya sayar da shi, ban ga yadda zai zauna nan ba. Wa zai bi kowane mashigi da sikeli?

Ba wai shata iyaka ba ta da ciwo. Sarkawa masu bin ruwa daga gari zuwa gari su za a fara kora, kuma ikon rufe tafki kan iya komawa hannun mutum biyu ko uku masu bakin magana. Tsarin mulki ya bar sha'anin su na koguna da tafkuna ga jihohi, don haka gwamnatin jiha na iya rubuta haƙƙin da sunan ƙungiya, ta kuma tanadi gurbin baƙo mai biyan kuɗin shiga.

Ko an yi hakan, da sauran rina a kaba. Kifin gulbi a fadama yake hayayyafa lokacin da ruwa ya malala da damina. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, sannan ta Goronyo ta biyo baya, malalar ta dogara da yadda aka saki ruwa, ƙofofin kuma suna hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. A duk ƙungiyoyin da na zauna da su, babu wadda aka taɓa tambaya yaushe ya dace a sake shi.