Jinina a cikin kwalba

Yau likita ya ɗebi jinina ya sa a na'urar da ke juya shi da ƙarfi, bayan kamar minti 10 ya ɗago kwalbar ya nuna min. Jinin ya rabu: ja ya kwanta ƙasa, ruwa rawaya ya taso sama, ɗauke da ƙwayoyin da ke tsayar da jini su fara gyaran rauni. Ruwan rawayan nan ya zuƙa da sirinji ya soka min a jijiyar damtse da ke min ciwo, ta gaban kafaɗa, yana kallon na'urar hoto mai nuna cikin jiki. Wallahi allurar ta yi zafi.

Ya hana ni shan ibuprofen, ya ce sauƙin sai bayan makonni, da yardar Allah. Har yanzu kwalbar nan nake gani a idona. Ban taɓa zaton jinina zai dawo jikina a matsayin magani ba.