Jinyar Mai Korona a Gidan da Akwai Tsohuwa

Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ranar 11 ga Maris, 2020, mu huɗu ne a gida: ni da mahaifiyarmu da ƙanena da 'yata ƙarama. Mama ta haura saba'in, ga hawan jini ga ciwon sukari. Duk abin da likitoci ke lissafawa idan suna faɗin waɗanda cutar ta fi kayarwa, ita ta haɗa shi. Saboda haka tun farko ba ta kaina nake yi ba. Fargabata ɗaya ce, kada wani cikinmu ya fita ya kwaso ya kawo mata.

Watannin farko a wankin hannu suka ƙare, don shawarar da ake ta nanatawa ke nan: sabulu da ruwa na tsawon daƙiƙa 20, idan babu ruwa a kusa a shafa man tsaftace hannu mai alkohol aƙalla kashi 60 cikin ɗari. Kuma da dalili. Ƙwayar cutar a lulluɓe take da wani siririn maiƙo, sabulu kuwa aikinsa ke nan, narkar da maiƙo. Sai da na fara duba agogo na gane daƙiƙa 20 ta fi yadda ake zato tsawo, musamman idan za a bi tsakanin yatsu da bayan hannu da babban yatsa da ƙarƙashin farce. Hannuwanmu suka bushe har suna tsattsagewa, dole muka ajiye man shafawa kusa da sabulun.

Sai goge-goge: mariƙin ƙofa, makunnin fitila, waya, makullai, har kayan da aka sayo. Kowa haka yake yi a lokacin. Daga baya, a watan Afrilun 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa haɗarin ɗaukar cutar ta hanyar taɓa wani abu ƙarami ne ƙwarai. Abin da zan ja kunne a kai a nan guda ne: kada a kuskura a gauraya bilic da wani sinadarin wanke banɗaki wai don ya ƙara ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhun da ake ƙoƙarin karewa.

Labarin da ya sauya mini lissafi daga jihar Washington ta Amurka ya fito. Ranar 10 ga Maris, 2020, mutum 61 suka taru a wani zaure suna atisayen waƙa na awa biyu da rabi. Sun guji musabaha, an kuma ajiye man tsaftace hannu. Mutum ɗaya ne a cikinsu yake da alamun mura. Bayan ƴan kwanaki aka ƙirga mutum 53 da suka kwanta, biyu suka rasu. Ba yadda za a yi hannu ya yi wannan ɓarna. Iskar zauren ce. A watan Yulin wannan shekara masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya buɗaɗɗiyar wasiƙa suna neman ta yarda cewa cutar tana yawo a iska, ba a feshin tari da atishawa kaɗai take ba. Yadda na fahimci abin shi ne, numfashin mai cutar kamar hayaƙin sigari ne a rufaffen ɗaki: wanda ke kusa ya fi shaƙa, amma idan aka daɗe, har wanda ke can lungu sai ya samu rabonsa, kuma ko mai shan ya fita hayaƙin yana nan.

Daga nan tambayoyin da nake yi wa kaina kafin in shiga ko'ina suka koma uku. Iska tana ratsa wurin? Mutum nawa ne a ciki? Zan daɗe? A gida muka riƙa buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, domin taga ɗaya iska ba ta samun mafita. A mota ma haka. Baƙo idan ya zo, a waje muke zama, kuma ba kowa ne ya ji daɗin hakan ba.

Takunkumi kuwa, yadda ya zauna a fuska ya fi komai. Ni mai tabarau ce, don haka ina da ma'auni kyauta: duk lokacin da gilashin ya yi raɓa, na san numfashina ta sama yake zurarewa, sai in matse ɗan ƙarfen da ke kan karan hanci. Samfurin N95 yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ɓurɓushin da ke iska, amma fa sai in ya manne ko'ina. Wanda ya jiƙe da gumi ya gama aiki. Ta igiyar kunne ake cire shi, ba ta gaba ba. Masu sauke shi zuwa haɓa idan za su yi magana su ne suka fi ba ni takaici, don lokacin maganar ne ake buƙatarsa.

Duk da haka cutar ta shigo, a farkon 2021, kafin allurar rigakafi ta iso gare mu. Ƙanena ne ya tashi da ƙaiƙayin maƙogwaro da ciwon kai da ɗan zazzaɓi. Da yamma ya fito daga wanka yana jujjuya sabulu a hannu, ya ce, "Yaya, wannan sabulun an canza shi ne? Ba na jin ƙamshinsa." Gabana ya faɗi. Gwaji ya tabbatar da abin da na riga na sani.

Mun ba shi ɗakin da ya fi samun iska, ƙofa a rufe, taga a buɗe, muka kafa fanka a bakin tagar tana hura iskar ɗakin zuwa waje. Mama ta koma ɗakin da ya fi nisa da nasa. Ni kaɗai nake shiga wurinsa, shi da takunkumi ni da takunkumi, kuma ba na zama. Abinci da ruwa a bakin ƙofa nake ajiyewa in ƙwanƙwasa. Banɗaki ɗaya gare mu, sai muka tsara shi ne na ƙarshen shiga, a bar tagar a buɗe na wani lokaci kafin wani ya bi baya. Kofinsa da tawul ɗinsa daban.

Abin da ya fi amfani a jinyar nan wata ƴar na'ura ce da ake maƙalawa a yatsa, tana nuna yawan oksijin da ke cikin jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Likitan da ke duba shi ta waya ya ce in ya sauka zuwa 92 in kira shi, in ya kai 90 kada in tsaya kiran kowa, asibiti kawai. Korona tana da wata mugunta: oksijin yakan yi ƙasa sosai mutum yana zaune yana hira bai sani ba, kuma sau da yawa a mako na biyu abin ke juyewa, daidai lokacin da aka fara sakin jiki. Na'urar ma tana da nata sharaɗin. Yatsa mai sanyi ko mai jan farce yana rikita ta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan, wanda ya fito a Disambar 2020, ya nuna cewa a jikin masu baƙar fata takan nuna adadin da ya ɗara na gaskiya. Shi ya sa ban dogara da lambar kaɗai ba. Nakan sa shi magana in ji ko zai kai ƙarshen zance ba tare da ya tsaya jan numfashi ba. Nakan tambaye shi ko ƙirji na masa nauyi, in lura ko yana rikicewa ko barci na rinjayarsa fiye da kima. Komai a littafi nake rubutawa, zafin jiki da oksijin, safe da yamma, domin ƙwaƙwalwar mai fargaba ba abar amincewa ba ce.

Magunguna kuwa, kowa ya zama likita. Saƙonni suka yi ta shigowa ta WhatsApp, wannan ya ce a ba shi antibayotik, wancan ya ce dezametazon. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos irin ƙwayar korona. Dezametazon, wani maganin rage kumburi, gaskiya ne binciken Jami'ar Oxford ya nuna a watan Yunin 2020 cewa yana rage mace-mace, amma ga waɗanda ke kwance a asibiti ana ba su oksijin, ba ga mai ɗan zazzaɓi a gida ba. Mu dai farasitamol da ruwa mai yawa da hutu muka tsaya a kai, kamar yadda likita ya ce.

Jinyar jiki ta fi ta zuciya sauƙi. Mai cutar yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji wani abu, kuma ana gobe ƙanena zai kwanta yana zaune kusa da Mama suna kallon talabijin. Alamun cutar suna iya ɗaukar kwana 2 zuwa 14 kafin su bayyana. Wato babu abin yi sai jira. Cikin dare nakan farka in kasa kunne, ko gyaran murya ta yi sai na tashi zaune. Ni kaina duk wani ƙaiƙayi a wuya sai in ce shi ke nan. Abin da ya rage mini wannan azaba shi ne daina bin alƙaluman matattu. Na mayar da sauraron labarai sau ɗaya a yini, na ajiye lambar likita da kayan tafiya asibiti a wuri ɗaya, don in ta ɓaci kada in tsaya neme-neme.

Mama ita damuwarta daban. Wata safiya na same ta a bakin ƙofarsa, hannunta a kan mariƙi.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri."

"Ke, ɗana ne fa. Ko leƙa shi ba zan yi ba?"

Ban iya yi mata musu ba, sai na nemo mata hanya. Na kai mata kujera waje, nesa kaɗan da tagarsa kuma ba ta saitin fankar ba, tana zaune yana tsaye daga ciki suna hira. Killace mutum yana da nasa ciwon, kuma na lura ranar da suka yi hira ya fi cin abinci. 'Yata kuwa gaskiya na faɗa mata daidai hankalinta: kawu ba shi da lafiya, ciwon yana bin numfashi, zai warke. Ta riƙa zana masa hotuna tana turawa ta ƙasan ƙofa.

Akwai waɗanda suka ba mu shawarar mu yi shiru kada a guje mu. Ban bi ba. Ƙanena ya kira duk wanda ya zauna da shi a kwanakin nan ya sanar da shi. Wasu sun gode, wasu sun ja baya da mu na ɗan lokaci. Ni a ganina ja da bayan ba laifi ba ne, kowa yana da tsohuwa a gida.

Mama ba ta kamu ba, ni ma haka. Ƙanena ya tashi, sai dai gajiya ta bi shi makonni, hawa bene ma sai ya huta a tsakiya, jin ƙamshi kuma a hankali ya dawo. Da rigakafi ya iso, Mama muka fara kaiwa.

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona, amma mura da dangoginta masu bin iska ba su je ko'ina ba. Yanzu duk wanda ya tashi da tari a gidanmu ba ya zama kusa da Mama sai da takunkumi, kuma ba ya kwana ɗaki ɗaya da kowa har ya samu sauƙi. Wannan ta amince da shi. Batun taga ne har yau ba mu daidaita ba: lokacin sanyi ina buɗewa tana rufewa, ta ce sanyin ne zai kwantar da ita kafin wata ƙwayar cuta ta iso. Mun tsaya a kan in buɗe na ƴan mintuna sau da yawa a yini, ita kuma ta ƙara bargo.