Darussa daga horon jinyar ƙuna: awannin farko a ƙaramin asibiti

Da zarar an shigo da wanda ya ƙone, idon kowa kan raunin yake tafiya, dangi na salati, ma'aikaci na laluben bandeji. Wannan kallon ne horo mai zurfi ke fara gyara mana. A kwana biyun farko ba raunin ke kashe mai babbar ƙuna ba. Ko dai maƙogwaro ya kumbura ya toshe, ko ruwan jiki ya tsiyaye daga jijiyoyi zuwa cikin nama har ƙoda ta tsaya. Saboda haka a fara duba gashin hanci ko ya babbake, baki ko da baƙin hayaƙi, murya ko ta dushe. Mai waɗannan alamu a sa masa iskar oksijin a tura shi babban asibiti nan take, ko da yana zaune yana magana.

Sai auna faɗin ƙunar, kuma a nan aka fi tafka kuskure. A jikin babba, kai kashi 9 ne cikin ɗari, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaba 18, baya 18. Jariri kuwa kansa 18 ne, kowace ƙafa kusan 14. Idan ƙunar a warwatse take, tafin hannun majinyacin haɗe da yatsunsa kusan kashi 1 ne. Nasa, ba na mai awo ba. Wurin da ya yi ja kawai bai tashi ba, ba ya shiga lissafi. Wanda ya haɗa da shi zai ɗura ruwa fiye da kima, huhu ya cika.

Babba da ya kai kashi 15, ko yaro da ya kai 10, ƙarin ruwa ta jijiya ya zama dole, kuma ruwan ƙarin da ake kira Ringa laktet ake so. Lissafin Parkland, wanda ake gane yawan ruwan da shi, shi ne mil (mililita) 4 sau nauyin jiki sau kason ƙuna. Mutum mai kilo 60 da ƙunar kashi 30 zai samu mil 7,200 a awa 24, rabi a awa 8 na farko. Amma awa takwas ɗin daga lokacin da ya ƙone ake ƙirga su, ba daga lokacin da ya iso ba. Idan awa 3 sun tafi wajen neman mota da ratsa burji daga ƙauye, mil 3,600 ɗin a awa 5 za su shiga, wato 720 kowace awa. Wasu ƙa'idojin yanzu suna farawa da mil 2 ga babba, 3 ga yaro. Bai kamata wannan ya rikita kowa ba, domin lissafin mafari ne kawai. Alƙalin shi ne fitsari: a sa roba, a auna kowace awa. A kowace awa ana neman rabin mil a kowane kilo ga babba, mil 1 ga ƙaramin yaro. Ya gaza, a ƙara gudun ruwan. Ya zarce, a rage. Yaro kuma a haɗa masa ruwa mai sukari, don nasa saurin ƙarewa yake.

Da hunturu ake yawan ganin masu ƙuna: kaskon jin ɗumi a ɗaki, yaro ya faɗa tukunyar kunu, mai farfaɗiya ya kife kan murhu. Sukan iso da ɗanyen ƙwai, man goge baki, baƙin mai ko gashin zomo a kan raunin. Faɗa ba ya magani. A wanke, a gaya musu ruwa mai tsabta na minti 20 ya fi, yana kuma da amfani har awa 3 bayan ƙunar. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a lulluɓe sauran jikin, yaro ba ya jure sanyi. Mu ma da namu laifin: shafa shuɗin magani yana ɓoye zurfin rauni ga likitan da za a kai wa. Maganin zogi ta jijiya ake bayarwa, na tsoka ba ya tafiya a kumburarren jiki. Allurar tetanus kada a manta.

Gobarar tankar mai a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, wadda ta ci sama da mutum 150, ta nuna cewa asibitocin kusa, irin su Ringim da Haɗeja, su ke karɓar nauyin farko. Ƙunar fuska, hannu, al'aura, gaɓoɓi, ta lantarki, da wadda ta zagaye hannu ko ƙirji, na manyan asibitoci ne kamar na Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala. A naɗe yatsu ɗaiɗai, a ɗaga hannun sama, ruwa na tafiya a mota. A takardar turawa a rubuta ƙarfe nawa ya ƙone, ruwa nawa ya shiga, fitsari nawa ya fita.